Rabin Malmala

Ranar da aka ɗaure wa Jemutai ƙafar hagu a filasta, ko tsinken tsintsiya ba ya samun hanya tsakaninsa da fatarta. Wata safiyar Litinin a mako na bakwai, ƙaiƙayi ya dame ta, ta tura yatsa za ta sosa, sai hannun gaba ɗaya ya zurma har wuyansa. Ta zaro shi ta duba, ta sake turawa. Da ta girgiza ƙafar, sai ta ji tana yawo a ciki kamar muciya a tukunyar da aka kwashe.

Ta daɗe zaune a bakin gado. Daga titin jar ƙasa da ya bi ta bayan sansanin horar da 'yan gudun tana jiyo sawun mutum talatin suna dukan ƙasa tare kamar ana sussuka, har sautin ya gangara ya ɓace. A kan wannan titin ne ƙafarta ta faɗa ramin da ruwan Oktoba ya haƙa, ƙaramin ƙashin da ke saman idon sawu ya tsage. A tsakiyar Fabrairu za a yi tseren daji na ƙasa, inda ake zaɓar mata shida da za su wakilci ƙasa. Bara ta zo ta takwas. Tun daga ranar ba ta da wata magana sai Fabrairu, haka ma kocinta, Maiyo, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya ɗauko ta daga ƙauye tana 'yar shekara goma sha biyar.

Kowa a sansanin ya san labarin Kawu Maiyo, don shi da bakinsa yake bayarwa duk sanda wani ya ji rauni. A zamaninsa ya karye aka kai shi gida. Ya yi gaggawar cire filasta, ƙashin ya sake tsagewa, ya ƙara kwanciya, tsohuwarsa kuwa ta yi ta ɗura masa madara da naman tunkiya har ya tashi da ƙarin kilo goma sha ɗaya. Bai ƙara shiga tsere ba. Daga nan ya samo dokokinsa guda biyu: mai karaya ba ya motsi, kuma wanda bai fita gudu ba rabin malmala ne rabonsa.

Don haka kullum Nanjala mai girki takan ja zare ta tsaga malmalar ugali, tuwon masararsu, gida biyu, ta sa rabi a faranti da ganyen sukuma cokali biyu, ta kai wa Jemutai ɗaki. Shayinta ba madara. Ƙwai na masu gudu ne, wake ma haka. A mako na uku mahaifiyarta ta aiko da gora cike da mursik, madarar nan mai tsami da ƙamshin gawayi, ta ce a ba 'yarta ta sha ƙashi ya haɗe. Kawu Maiyo ya karɓa ya yi godiya, ya rarraba wa waɗanda suka yi dogon gudu a ranar. Jemutai tana kwance tana jin ƙamshin ta taga, tana jin ana karkaɗe gorar. A gidansu ba a koya mata kallon ƙwayar idon kawu ba, balle mayar masa da magana.

Litinin ce ranar awo. Sikelin da ake auna buhunan masara yana rataye a reshen bishiyar fiya, an ɗaura masa buhu kamar lilo. Bayan masu gudu sun dawo, Nanjala ta riƙe wa Jemutai sandunan dogarawarta, ita kuma ta zauna a buhun, filastan na lilo a iska.

Kawu Maiyo ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido. "Arba'in da shida. A cire biyu na filasta, arba'in da huɗu ke nan. Da arba'in da bakwai kika kwanta, 'yar nan. Kun gani ko? Mutum na kwance ya fi ku masu gudun sauƙi."

Nanjala ta ce, "Koci, in aka ci gaba a haka, ran tseren sai mun ɗaura mata dutse a ƙugu, kada iska ta kai mana ita Uganda."

Aka yi dariya. Jemutai ta jira aka watse, sannan ta ce a hankali, "Kawu, hannuna yana shiga cikin filastan nan."

"Kumburi ne ya saɓe. Alama ce mai kyau."

"Har wuyan hannu fa."

"To me kike nema a ciki da har kike tura hannu? Na ce kada ki taɓa shi."

"Likita mako shida ya ce. Yau muna na bakwai."

"Likita ne zai yi gudun? Mako shida aka ce mini ni ma, ga ni nan." Ya bugi tumbinsa. "Tara za ki yi. Koma ki kwanta."

Ta koma ta kwanta. Ba ta san yunwa ce ke cin ta ko haushi ba, don kwanan nan su biyun wuri ɗaya suke zama.

Sai da mako tara ya cika cif, a tsakiyar Disamba, Kawu Maiyo ya sa ta a motar haya suka gangara asibiti a Eldoret. Hoton ƙashi ya nuna ya haɗe tsaf. Kawu Maiyo ya riƙe hoton a hasken taga yana murmushi kamar shi ya ɗinke shi. Aka kawo zarto mai ƙara aka tsaga filastan gida biyu, aka buɗe.

Wari ne ya fara fitowa. Fatar ta yi fari tana saɓa, gashi ya tsiro baƙi dogo inda da babu. Amma ba wannan Jemutai take kallo ba. Sha-raɓarta take nema, dunƙulen nan mai tauri da ta yi shekara tara tana ginawa a kan tuddai. Babu shi. Daga gwiwa zuwa idon sawu abu ɗaya ne miƙaƙƙe kamar karan masara, fata na reto a bayansa. Ta sa yatsa ta danna, yatsan ya nutse har ƙashi.

Aka tura su sashen gashin ƙashi, wajen Sista Awuor, wata doguwar mata mai jiki, 'yar bakin tafki, da tef ɗin awo rataye a wuya kamar tela. Ta sa Jemutai ta hau gado, ta zagaya tef a ƙafar hagu ta rubuta, ta zagaya a ta dama ta rubuta. Ta koma cinya ta yi haka. Sannan ta sauke tabarau ta dubi takardar da aka aiko da ita.

"Nan an rubuta mako shida. Ina kika shiga?"

Jemutai ta sunkuyar da kai. Kawu Maiyo ya ce, "Ni na ƙara mata uku. Ga shi kuwa ƙashi ya yi kyau."

"Kai ne wa?"

"Kocinta. Kuma kawunta."

"To, Koci kuma Kawu, ranar da aka sa filastan an ba ku takarda mai zane-zane. Matse cinya, ɗaga ƙafa a kwance, motsa yatsu, aiki da ƙafar da ke lafiya. Tana ina?"

"Na ajiye. Karaya ba ta son motsi."

Sista Awuor ta juya ga Jemutai. "Ke, me kike ci?"

Jemutai ta faɗa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba: rabin ugali, sukuma, shayi baƙi. Tana faɗa tana jin muryarta kamar ta wata.

"Ƙwai?"

"A'a."

"Madara? Wake? Nama ko sau ɗaya a mako?"

"A'a."

Matar ta ajiye biro a hankali, irin ajiyewar wanda yake tsoron in bai ajiye ba zai jefi wani da shi.

"Bari in gaya maka, dattijo. Duk ƙafar da aka ɗaure sai ta rame. Ko matar shugaban ƙasa ce, ko kaza take ci safe da yamma, sai ta rame, kuma makonnin farko ta fi zubewa. Wannan ba laifin kowa ba ne. Tsoka kullum ana rushe ta ana sake gini, in ba a aiki da ita sai ginin ya ja baya, rushewar ta ci gaba. Amma akwai rama, akwai wannan. Ka ƙara mata mako uku a ɗaure. Ka hana ta motsa ko yatsa. Sannan jikin da yake fama ya ɗinke ƙashi, yana neman abin gini, ka sa shi azumi. Ina kake so ya samo? Ya juya ya ci kansa. Dubi ta daman ma, wadda ba abin da ya same ta, ita ma ta zube."

Kawu Maiyo ya gyara hularsa. "Sista, da girmanki. Ni shekara ashirin da biyu ina fitar da 'yan gudu. Ku mutanen tafki kifi kuka sani. Wa ya taɓa ganin ɗanku a gaban tsere?"

"Ba mu iya gudu ba, gaskiyarka. Amma da ka ba ta ƙananan kifin nan namu da kake rainawa, cikin tafin hannu kullum, da yau da abin da zan auna."

"Ba ta ƙara ko giram ɗaya ba. Kilo uku ta sauke."

"Kitse ka gani a jikin yarinyar nan da za ta sauke? Mai gudun kilomita ɗari da hamsin a mako? Ga inda kilo ukunka suka fito." Ta ɗaga fatar da ke reto a bayan ƙafar da yatsa biyu, ta sake ta.

A gadon gefe wani tsoho da ake miƙar wa hannu ya daina nishi yana saurare.

Jemutai ta ce, "Sista, Fabrairu fa? Saura mako takwas."

Sista Awuor ta dube ta, muryarta ta sauko. "Me ke akwai a Fabrairu?"

"Tseren daji na ƙasa."

"Ƙanwata, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da ya zube a mako tara ba ya dawowa a mako takwas. Tafiya za ki fara koya, da sanda ɗaya. In kin ci abinci, kin zo nan sau uku a mako, wataƙila a Fabrairu kina sassarfa. Tsere kuwa, ki bar wa baɗi. In kika tilasta, jijiyar dunduniya ce za ta biya, ita kuma ba ta da sauƙin ƙashi."

A motar komawa Jemutai ta zauna gefen taga, sandarta tsakanin gwiwoyi. Suka fara hawan tudu. Kawu Maiyo ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Matan asibiti sun iya tsoratarwa. Da haka suke cika layinsu." Ita kuwa tana lissafin safiyoyi sittin da uku da ta kwanta tana jin sawun wasu, da kowane faranti da ta cinye ta lashe cokali, ta ce na gode. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, na goden.

Sun iso ana cin abincin rana. Rumfar cin abinci a cike take, maza a dogon benci ɗaya, mata a ɗaya, tururin ugali na tashi. Aka yi mata tafi da ta shigo ba filasta, dogon wando ya rufe ƙafar. Wata ta matsa mata wuri. Kawu Maiyo ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hoton ƙashin.

"Ya haɗe kamar ba a taɓa karya shi ba. Wanda ya bi magana ya ga amfaninta. Ran Litinin za ta fara sassarfa a fili. Sunanta na nan cikin na Fabrairu, tun makon jiya na aika."

Aka sake tafi. Nanjala ta zo da faranti ta ajiye a gaban Jemutai. Rabin malmala, gefen da zare ya bi sumul, da sukuma cokali biyu.

Jemutai ta dubi farantin. Ta ce, "Nanjala, wannan fa?"

"Koci ya ce sai kin fara fita tukuna, 'yar uwa. Ni aike ce."

Ta sa bayan hannu ta ture farantin. Bai faɗi ba, ya yi ta juyi a kan tebur yana ƙara har ya tsaya da kansa. Cokula suka tsaya. Ta sunkuya ta naɗe wandon hagu har gwiwa, ta naɗe na dama, ta juya ta ɗora ƙafafun biyu a kan benci.

'Yan gudu sun san ƙafa kamar yadda makiyayi ya san saniya. Wata daga cikin matan ta kai hannu ta shafa tata sha-raɓar a ƙarƙashin tebur.

Kawu Maiyo ya ce, "Rufe jikinki. Gaban maza ne nan."

"Kullum da gajeren wando suke ganina. Yau ne ka ga abin rufewa?"

Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta dubi idonsa tana magana. Ta ga ya fi yadda take zato tsufa.

"Jemutai, ni kike gaya wa magana?"

"Kai nake gaya wa, Kawu. Mako tara ina kwance kamar buhu, kana rataye ni a bishiya kana kiran lamba ana tafi. Na ce maka hannuna yana shiga, ka ce kumburi ne. Inna ta aiko mini da madara, ka shayar da masu ƙafa biyu ina ji. Takardar da likita ya ba ni, ni ya ba, ba kai ba, ko ganinta ban yi ba."

"Don kada ki zama ni na yi. Kin san abin da ya same ni."

"Na sani. Kowa a nan ya haddace. Ƙafarka ce ta karye shekara talatin da suka wuce, amma tawa ka kama kana yi wa jinyarta."

Nanjala ta ce ƙasa-ƙasa, "Ya isa haka, 'yar uwa, kawunki ne."

"Da ba kawuna ba ne, da tun mako na biyu na ƙi."

Jijiyar wuyan Kawu Maiyo ta tashi. Ya ajiye hoton a kan tebur. "Matar can ta cika miki kunne. Rama ce kawai ta ido, ƙarfin yana ciki. Na ga irinta sau nawa. Tashi. Kama ginshiƙin nan. Tsaya a kan ƙafar hagu ki ɗaga dunduniya, kowa ya gani."

Abu ne da suke yi kowace yamma, sau hamsin, suna hira. Jemutai ta sauko da ƙafafunta, ta dogara sanda ta isa ginshiƙin rumfar, ta jingine sandar. Wani ɓangare na zuciyarta yana roƙon a ce shi ne mai gaskiya. Ta kama ginshiƙin da hannu biyu, ta ɗage ƙafar dama daga ƙasa.

"Ɗaga."

Ta aika wa ƙafar umarni. Yatsun suka danna ƙasa, ƙwabrin ya hau rawa. Dunduniyar na nan inda take.

"Ɗaga mana. Kada ki yi mini wasa."

Ta cije leɓe, gumi ya keto mata a goshi. Ta ji tana jan wata igiya da ba a ɗaura wa komai ba.

"Ɗaga!" Ya yi tsawar da yake yi a zagayen ƙarshe, wadda ake jiyowa daga ƙarshen fili.

Gwiwar ta lanƙwashe. Ta rungumi ginshiƙin don kada ta zube, ta sauke ƙafar dama. Numfashinta kaɗai ake ji a rumfar. Kawu Maiyo ya durƙusa, abin da ba a taɓa ganin ya yi a gaban 'yan sansani ba, ya kai fuskarsa kusa da ƙasa yana duban dunduniyar, kamar mai neman ko takarda za ta shiga ƙarƙashinta. Ya daɗe a haka.

Jemutai ta ce, daga samansa, kowace kalma a fili, "Ka cire sunana. Kada ka bari a kira shi a Fabrairu a ce ban zo ba. Kai ka aika, kai za ka cire, kuma in sun tambayi dalili ka gaya musu."

Ta ɗauki sandarta ta koma benci. Ta miƙa hannu tsakiyar tebur, inda aka ajiye babban tire, ta jawo malmala guda cikakkiya gabanta. Ta ɗebi wake daga kwanon maƙwabciyarta, ita kuwa ta ƙara turo mata kwanon.

"Nanjala, ki dafa mini ƙwai biyu. Da madara a shayina, yau da kullum."

Nanjala ta tsaya da zaren yankan ugali a hannu, ta juya tana duban koci, tana jiran ya ce e ko a'a. Duk rumfar shi take kallo.

Kawu Maiyo ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. Ya karkaɗe ƙasar da ta manne a wandonsa. Ya dubi farantinsa da ke jiransa a kan tebur, an rufe da wani farantin don kada ya huce. Ya bi ta bayan bencin maza, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin igiyar shanya, ya buɗe ƙofar langa-langa ta sansanin a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ya ja ta a bayansa.